Wane rufi ne ya dace da iskar Jos da ƙanƙararta?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Gininmu da ke wajen Naraguta ya kai linta, ɗaki uku da falo ne, kuma muna son mu rufe shi kafin ruwan farko ya sauka. Kafinta biyu sun zo sun duba, kowa da nasa zancen. Ɗaya ya ce mu sa dogon alminiyom, ɗayan ya ce yanzu an daina yayinsa, mai tsakuwa ake yi, wanda ake kira Gerard. Maigida kuma yana ganin mu sa kwano na bandir kawai mu shiga, daga baya a canza. Kuɗin ba su da yawa, albashin koyarwa ne da adashe. Don Allah masu sani a taimaka mana da shawara.

Baban Sadiq (Kubwa): Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa a gama lafiya. Ni dai in za ki ji tawa, ki daure ki sa mai tsakuwa. Nan Abuja duk unguwar da aka yi sabon gini shi za ki gani, daga Gwarinpa har Lugbe. Shi na sa a nawa. In ana ruwa ba ka jin wannan rugugin da ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, ga kyau, ga shi ba ya ɗaukar zafi kamar kwano. Kin san yadda ƙanƙara ke sauka a Jos farkon damina, in ta faɗo kan alminiyom sai ta bar masa tabo ko'ina.

Malam Kafinta (Katako): Salamu alaikum. Hajiya, kafin a kai ga sunan rufi, ina da tambaya. Da aka zuba lintar nan, an bar rodi ko langa-langa a tsaye a cikin kankaren, wanda za a ɗaure katako da shi? Ko kuwa an shafe saman ne sumul?

Maman Hanifa: Malam, na ga wasu guntayen rodi sun leƙo a kusurwa huɗu. Ban ga komai a tsakiya ba.

Malam Kafinta (Katako): To a nan aikin yake. Tun ina yaro nake hawa rufi a garin nan, kuma duk shekara daga watan Afrilu zuwa Mayu ana kiranmu gyaran gidajen da iska ta yaye. In ka je ka duba, da wuya ka ga kwanon ne ya yage. Rufin ne gaba ɗaya, da katakonsa da komai, iska ta ɗaga ta ajiye a gidan maƙwabci ko a kan titi. Ƙusoshin suna nan daram a jikinsa, abin da ya rasa shi ne abin da zai riƙe shi da bango. Kusurwa huɗu ba su isa ba. Ana so a ce duk bayan kamar mita ɗaya akwai ɗauri, a naɗe katakon da ke kwance kan bango, a lanƙwasa, a buga ƙusa. Tun da an riga an zuba, sai a huda kankaren a dasa ƙarfe mai noti, ko a fasa bulo ɗaya ƙarƙashin lintar a zagayo da langa-langa. Ƙaramin kuɗi ne in aka kwatanta da kuɗin rufin, amma shi ne abin da masu gini suka fi tsallakewa, saboda in an yi silin ba wanda zai gan shi.

Ko Gerard kika sa, ko alminiyom, ko na bandir, in ba a yi wannan ɗaurin ba duk ɗaya ne a wurin iskar Naraguta. Wajen fili ne, ga duwatsu suna turo iska.

Baban Sadiq (Kubwa): Gaskiya ne Malam, amma ai mai tsakuwa ya fi nauyi, iska ba za ta ɗauke shi da sauƙi ba.

Injiniya (Rayfield): Baban Sadiq, ya fi nauyi kam, amma ba nauyin da zai hana iska ba. Murabba'in mita ɗaya na mai tsakuwa bai wuce kilo 6 zuwa 7 ba. Alminiyom mai kaurin milimita 0.55 kuma bai kai kilo 2 ba. Iska mai ƙarfi in ta bi ta saman rufi tsotsarsa take yi sama, kuma ƙarfin tsotsar a gefe da kusurwa yana ninka wannan nauyin sau da yawa. In kuma taga ko ƙofa tana buɗe ta ɓangaren da iskar ke bugowa, sai ta shiga ɗaki ta turo daga ciki, a haɗu biyu. Shi ya sa gidan da ba a sa wa tagogi ba tukuna ya fi shiga haɗari, kuma Hajiya irin halin da nata zai kasance ke nan a damina ta farko. Maganar Malam ita ce ta farko.

Abin da ke taimaka wa mai tsakuwa shi ne ƙanana ne, suna shiga cikin juna, kuma ana buga ƙusarsu ta goshi, ba ta sama ba. Wannan alheri ne. Sai dai yana da nasa kuɗin da ba a faɗa wa mai gini da wuri. Kowane layi sai an shimfiɗa masa katako, tazarar kimanin santimita 37, alhali dogon alminiyom ana ba shi tazarar da ta ninka haka. Ke nan katakon 2x2 da za ki saya ya ƙaru sosai, ladan kafinta ma ya ƙaru. Kuma ba ya son rufi mai kwanciya, in gangarar ta gaza digiri 15 ruwa zai riƙa komawa ta ƙarƙashinsa.

Alhaji mai kayan gini (Dilimi): Bari in sa baki a matsayina na wanda ke sayarwa. Hajiya, yawancin abin da ake kira Gerard a kasuwa ba na ainihin kamfanin Gerard ba ne, sunan ne ya bi duk wani rufi mai tsakuwa. Akwai mai kyau, akwai wanda in kika goga tafin hannu a kansa tsakuwar za ta biyo hannunki tun yana shago. Irin wannan bayan damina biyu ko uku za ki ga yashi baƙi ya taru a bakin indararo, rufin ya yi faci-faci, ƙarfen ciki ya bayyana ya fara tsatsa. Mai kyau kuwa kuɗinsa ba na mai adashe ba ne, gaskiya ke nan. Ni da a sayi mai tsakuwa na ƙarya, gara a sayi alminiyom na gaskiya.

Alminiyom ɗin ma akwai magana. Mutum zai zo ya ce a ba shi 0.55, a rubuta masa 0.55 a rasit, abin da za a kai masa 0.45 ne ko ƙasa da haka. Ido ba ya rabewa, musamman da fenti a jiki. Akwai ɗan ma'aunin kauri da ake matsawa a bakin fallen, duk shagon kirki yana da shi. Ki sa a auna a gabanki a wurin da ake yankawa, sannan in mota ta sauke a gida a sake aunawa, a zaro daga tsakiyar kaya, kada a tsaya kan na sama. In mai shago ya ɓata rai don kin ce a auna, ki ɗauki kuɗinki ki yi gaba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha faɗa cewa alminiyom na rufi kada ya gaza 0.4, amma kasuwa cike take da waɗanda ba su kai ba.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri Alhaji. To shi kwanon bandir ɗin da maigida ke magana fa? Gidan mahaifina a Gangare da shi aka rufe tun kafin a haife ni, kuma har yau yana nan.

Alhaji mai kayan gini (Dilimi): Kwanon gidan Baba da na yanzu ba ɗaya ba ne, 'yata. Na da in ka ɗaga falle ɗaya za ka ji shi a kafaɗa. Ki je Bukuru ko Rayfield ki ga tsofaffin gidajen kamfanonin kuza, wasu da rufinsu na asali, sun yi ja amma ba su huje ba. Na yanzu bandir ɗin dai falle 20 ne kamar da, amma an rage kaurin ƙarfen, an rage ruwan zinkin da ke kare shi daga tsatsa. Akwai wanda kafinta ba ya iya taka shi sai ya lotsa. Kuma maganar a sa yanzu a canza daga baya, na daɗe ina jin ta a shagon nan. In an shiga gida hidima ba ta ƙarewa, ga kuɗin makaranta ga na asibiti, rufin nan shi zai zauna har ya fara yoyo. Sannan katakon da aka tsara don gajeren kwano ba lallai ya dace da wani rufin ba, sai an sake taɓa shi.

In kuɗi sun gaza, akwai na tsakiya, aluzin. Ƙarfe ne aka lulluɓe da haɗin alminiyom da zinki, kashi 55 cikin 100 na lulluɓin alminiyom ne. Ya fi kwano jure tsatsa nesa ba kusa ba, ya fi alminiyom tauri a kauri ɗaya, kuma ana yanka shi dogo daidai tsawon rufinki.

Baban Sadiq (Kubwa): Alhaji, ni fa har yanzu ina kan bakana game da ƙara da zafi. Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin alminiyom ana ruwan Agusta ya san abin da nake faɗa. Zafi kuma, a watan Maris nan Kubwa ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana.

Injiniya (Rayfield): Ɗan'uwa, Kubwa daban, Jos daban. Mu muna kan tudu, sama da mita 1,200 daga teku, ku kuna can ƙasa. Abin da ke damunku zafi ne, mu kuma rabin matsalarmu sanyi ne. A Disamba da Janairu ƙarfen rufi yana yin sanyi ƙarara da dare, numfashin mutane da tururin girki su hau su same shi, sai ya yi gumi ya riƙa ɗiga. Mutane da yawa suna zaton yoyo ne alhali ko hadari babu. Na shiga wani gida a Dadin Kowa, silin ɗin POP ya yi taswira baƙa-baƙa a kusurwa, mai gidan yana ta faɗa da kafinta. Da muka hau sama muka haska tocila, cikin alminiyom ɗin jiƙe yake sharkaf, ɗigo-ɗigo a jere a kan kowane katako, kuma babu ko ƙaramar kafa da iska za ta shiga ta fita. An toshe bakin rufin ruf da siminti don kada tsuntsu ya shiga. Da aka buɗe ramuka aka sa raga, magana ta ƙare.

Game da ƙara da zafi, silin ne ke yin yawancin aikin. Silin mai kyau, da sarari tsakaninsa da rufi, da ramukan shan iska, in da hali a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli ƙarƙashin fallen. Launi ma yana da tasiri: baƙi da ruwan toka mai duhu da ake yayi yanzu sun fi fari da ruwan madara zuƙar rana, ko da tsakuwa ko babu. Ban musa maka cewa mai tsakuwa ya fi shiru ba, ya fi. Amma bambancin bai kai a ci bashi dominsa ba.

Anti Nas (Tudun Wada): Tun da an zo maganar silin, don Allah Maman Hanifa kada ki yarda a kawo miki tsohon asbestas da aka ciro daga wani gini, ko na rufi ko na silin, wai don araha. Ana sayar da su hannu na biyu. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma da zarar an yanka shi da zarto ko an huda shi ko ya farfashe, ƙurar nan in ta shiga huhu ba ta fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irin asbestas yana jawo sankara, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru ashirin, talatin, ko fiye. Ƙasashe sama da 50 sun hana amfani da shi. Malam Kafinta, ku ne ma kuka fi ba ni tausayi, don ku ke yankawa ba ko ƙyalle a hanci. In za ku cire tsoho ku jiƙa shi da ruwa tukuna, ku sauke shi ɗungurungum, kada a jefo shi ƙasa yara suna wasa a wurin.

Malam Kafinta (Katako): Allah ya yi miki albarka Anti. Wallahi mun yanka da yawa a da, ba wanda ya gaya mana. Yanzu yarana na hana su. Sababbin allunan siminti da ake kawowa an ce babu shi a ciki, amma duk da haka ina sa su rufe hanci.

Bari in koma kan katako, Hajiya, don nan ne ake cutar mata da ma'aikatan gwamnati da ba sa samun zuwa wurin aiki. Katako ɗanye ake sayarwa da yawa, an yanko shi daga daji bai bushe ba. In an buga shi a haka, yana bushewa yana murɗewa, ƙusa ta saki, rufi ya yi doro. Ki ɗaga ki ji, ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, in an buga ƙusa har ruwa yake fitarwa. A saya da wuri a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa. Sannan 2x4 na yanzu in kin sa tef ba ya cika, sai an zaɓa. Maɗaci da loko sun yi tsada sun yi wuya, malaina ake samu da yawa, kuma ba laifi in ta ƙosa ta bushe. A shafe kowane katako da maganin gara kafin a hau da shi, har bakin da aka yanka. Wasu suna sa baƙin mai na mota, yana ɗan taimakawa, amma bai kai maganin ba. Kuma a tsaya a ga an shafa, don in an riga an hau da shi sama, gefen da ido ke gani kawai ake shafawa.

Ƙusa ma kada a raina ta. Alminiyom ba ya shiri da ƙusar baƙin ƙarfe, inda suka haɗu da ruwa wurin yana cinyewa ya zama rami. A sayi tasa mai hula da roba. A buga a kan tudun fallen, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A layin gefe da na ƙasa a buga kowane tudu, kada a tsallake.

Injiniya (Rayfield): Ƙari a kan ta Malam: alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai mita 10 in rana ta gasa shi bayan sanyin asuba zai iya ƙaruwa da kusan santimita ɗaya. Wannan ƙas-ƙas da ake ji da hantsi shi ne. In siriri ne, kai-komon nan yana faɗaɗa ramin ƙusa a hankali har ya fara yoyo. Dalili ke nan da nake cewa a gidan zama kada a sauka ƙasa da 0.55 in ana da hali. Ɗanyen siminti ma yana cin sa, don haka in masu filasta za su yi aiki bayan an rufe, a sa ido.

Baba na Gangare: Ina ta karanta ku, yara. Mu da muka taso gidajen ƙasa mun ga wani abu daban. Iyayenmu da suka zo daga Kano da Zariya da Bauchi lokacin haƙar kuza sun zo da ginin soro. A jera azara ta giginya, wadda gara ba ta ci, a shimfiɗa zana ko ƙirare, a zuba ƙasa a daddaɓe, a shafe da laso. Laso kuwa katsi ne na marina, da gashin jima, da dafara. Bango a shafe shi da makuba ta ɗorawa. Ɗakin soro da rana sanyi, da dare ɗumi, ruwa ko ƙanƙara ba ka jin komai. Azara ba ta wuce kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa in ana son babban ɗaki sai a yi ɗaurin guga. Wanda bai taɓa gani ba ya shiga gidan tarihi na nan Jos, wanda aka buɗe a 1952, a ɓangaren gine-ginen gargajiya akwai kwafin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ku ɗaga kai ku kalli rufin nan, ba ƙarfe ba siminti.

Amma gaskiya soro bai ji daɗin Jos ba. Ruwan nan ya fi na Kano yawa nesa, ga shi yana daɗewa. Duk shekara sai an hau an yi yaɓe kafin damina, in aka yi sakaci shekara guda sai azara ta jiƙe. Mutanen da muka tarar, Birom da Anaguta da Afizere, jinka suke yi mai tsini da ciyawa, ruwa na sauka yana zubewa. Sun fi mu sanin ƙasarsu. Da kwano ya samu sai kowa ya ɗora shi a kan soron. Abin da nake so ku ɗauka, rufin da ya yi a wani gari ba dole ya yi a nan ba. Yanzu ina ganin ana kwaso fasalin Abuja ana kawowa, wanda ake ɓoye rufi a bayan bango. Injiniya, me ka ce a kansa?

Injiniya (Rayfield): Allah ya ƙara girma Baba. Ɓoyayyen rufi yana da kyau a ido, kuma bangon da ya kewaye shi yana rage masa bugun iska, ba ya cin falle da yawa. Matsalarsa ruwa. Duk ruwan rufin yana taruwa a kwatar kankare da ke cikin bango, ya fita ta bututu. Jos tana samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, yawancinsa cikin wata shida. Ranar da ƙanƙara ta sauka ta toshe bakin bututun, ko ganye da leda suka taru, ruwan ba shi da wajen zuwa sai cikin silin. In kankaren kwatar ya tsage kuma, bango ya riƙa tsotsa, fenti ya kumbura. Ana iya yin sa da kyau, amma yana son ma'aikaci na gaske da mai gida da zai riƙa hawa yana sharewa. Ga mai ƙaramin ƙarfi ban ba da shawararsa ba. A bar rufi ya leƙo waje kamar santimita 60 ya kare bango daga feshin ruwa.

Ɗaya gefen kuma akwai masu rufi dogo kamar hula, wanda tsayinsa ya kusa na ginin. In gangara ta kai digiri 45, fallen da za a saya ya ƙaru da kashi 41 cikin 100 a kan faɗin ginin, ban da katako. A digiri 25 ƙarin kimanin kashi 10 ne kawai. Tsakanin 25 da 30 ya ishi ruwan Jos, kuma a yi shi mai gangara huɗu, ya fi mai gangara biyu jure iska saboda ba shi da faffaɗan goshin da za ta buga. A rage yawan kwana-kwana da ƙananan rufi na ado, duk inda rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, nan yoyo ke farawa.

Ɗan Bukuru: Salam iyayena. Ni aikin sola nake yi, ina roƙon a tuna da mu tun wajen tsara katako. Kowane faranti yana da nauyin kilo ashirin da wani abu, in an jera shida ko takwas nauyi ne. Kuma sai mun taka rufin. Siririn alminiyom yana lotsawa ƙarƙashin ƙafa, mai tsakuwa kuma in ba ka san inda ake takawa ba sai ka ɓata shi, kuma ɗaura ƙarfen sola a kansa ya fi wuya. Mama, ki ce wa kafinta ya ƙara ƙarfin katako a gefen da ke kallon kudu ko da ba yanzu za ki sa ba.

Maman Hanifa: Madalla ɗana, ban taɓa tunanin wannan ba. Akwai kuma maganar ruwa. Unguwar ba famfo, rijiya kuma dutse ne a ƙasa. Ina son in riƙa tarar ruwan sama. Wanne ya fi dacewa?

Injiniya (Rayfield): Wannan ma ya ƙara karkata ni ga alminiyom ko aluzin. Santsi gare su, ruwa yana sauka da tsabta. Mai tsakuwa yana riƙe ƙurar hunturu a jikinsa, marar kyau kuma yana zubar da yashi cikin tanki. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a Jos zai iya sauke abin da ya kusa lita 140,000 a shekara, tankinki ne zai gaza. A bar ruwan farko ya wanke rufin ya zube kafin a juya cikin tanki, kuma na sha a tafasa ko a tace.

Baban Sadiq (Kubwa): To na ji hujjojinku, kuma maganar tarar ruwa ta shige ni. Amma ina nan a kan cewa wanda yake da hali ya sa mai tsakuwa na asali ba zai yi nadama ba. Nawa ko ɗigo bai taɓa yi ba, kuma ƙanƙara ba ta yi masa komai. A yi masa adalci.

Alhaji mai kayan gini (Dilimi): Ba wanda ya ce ba shi da kyau, Baban Sadiq. Na asali yana da kyau ƙwarai. Tabon ƙanƙara a alminiyom ma gaskiya ne, sai dai a 0.55 tabo ne kawai, ba ya hujewa, kuma daga ƙasa ba a cika gani ba in mai tudu-tudu ne irin step tile. Muna magana ne a kan aljihun Hajiya. In ta zuba duk kuɗin a falle, a katako da ɗauri za a rage, kuma Malam ya gaya mana abin da ke biyo baya.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka. Mun tsaya a kan dogon alminiyom 0.55 mai launi mai haske, gangara huɗu, in kuɗin ba su kai ba mu koma aluzin. Silin sai bayan mun shiga, ɗaki ɗaya-ɗaya. Malam Kafinta, katakon za mu fara saya a ƙarshen watan nan don ya samu ya bushe. Tambayata ta ƙarshe, ɗaurin nan da ka ce a ƙara, kafinta ne zai yi ko sai an kira birkila?

Malam Kafinta (Katako): Su biyun ne, Hajiya. Birkila ya fasa ya mayar da siminti, kafinta ya nuna masa inda kowane ɗauri zai faɗa daidai da inda katakon rufi zai zauna. A ba simintin mako guda ya kama kafin a ja langa-langar. Kuma tun da silin zai jira, ranar da aka gama rufi a toshe tagogin da ke fuskantar gabas ko da da tsohon kwano ne, don daga can hadarin farkon damina yake tasowa. Ki turo min hoton saman lintar ta akwatin sirri in ƙirga miki adadin da za a saya.